NARKAR DA JAN ƘARFE DON SHA'AWA: WA ZAI BIYA KUƊIN WUTAR?

Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ba ta barin bakin Bahaushe a duk lokacin da ya ga mutum ya duƙufa a kan wani aiki, ita ce, "To, me za ka samu?" Tambaya ce ta mutanen da suka san zafin nema, waɗanda damina ɗaya ke ciyar da su shekara guda, saboda haka bai kamata a raina ta ba. Sai dai akwai ayyukan da in aka auna su da wannan mudu kaɗai, za a watsar da su a matsayin ƙaiƙayi alhali kuwa da tsaba a ciki.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ayyuka shi ne fitar da jan ƙarfe daga dutse don sha'awa kawai. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane, wasu malaman makaranta wasu ma'aikatan ofis, da kan gina ɗan murhun yumɓu a bayan gida ranar hutu, su zuba gawayi da wani koren dutse, su yini suna zuga, daga ƙarshe su tsinci jan ƙarfen da bai wuce girman goro ba. Hotunan bidiyon wannan aiki suna nan birjik a YouTube, yaranmu kuma suna kallo a wayoyinsu. To, a ƙaddara wani ɗalibi ko malamin kimiyya a nan Dugabau, ko Garo, ko Getso, ya ce shi ma zai gwada. Yankinmu na Kabo da Gwarzo da noma aka san shi, ke nan sai ya sayo dutsen daga nesa, ya sayi gawayi, ya ba da yininsa. Shin ƙarfafa masa gwiwa ya kamata a yi, ko kuwa a ce masa ya je ya nemi abin yi?

Ra'ayina shi ne a bar shi ya yi, har ma a taimaka masa, amma bisa sharaɗi guda: duk wahala da hasarar da ke cikin aikin ta tsaya a kansa shi kaɗai. Zan yi ƙoƙarin kawo dalilaina, amma kafin nan ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake.

Yadda ake aikin

Jan ƙarfe, wanda tsofaffi ke kira jan gaci, ba kasafai ake samunsa tsantsa a ƙasa ba. Galibi a haɗe yake da wasu sinadarai a cikin dutse. Mafi sauƙin sarrafawa shi ne koren dutsen da ake kira malakait, wanda in yana da tsabta kimanin kashi 57 cikin ɗari na nauyinsa jan ƙarfe ne. Ana farfasa shi ƙanana, a zuba a cikin kasko ko ramin da aka shafe da yumɓu, a lulluɓe da gawayi, a sa bututun yumɓu a haɗa da zugazugai. Da zafi ya kama shi sai koren ya koma baƙi. Abin da ya rage a lokacin shi ne jan ƙarfe haɗe da iskar oksijin. Gawayin da ke ci a inda iska ba ta wadata ba yakan fitar da iskar kabon monoksaid, ita ce ke fizge oksijin ɗin ta bar ƙarfen shi kaɗai. Sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyas kafin jan ƙarfe ya narke ya taru. Yashi da sauran dattin dutsen su ne ke zama abin da muke kira kashin maƙera.

A takarda bayanin bai fi layi biyar ba. A gaban wuta kuwa, in iska ta yi kaɗan zafin ba zai kai ba, in ta yi yawa ƙarfen zai sake haɗuwa da oksijin ya koma baƙi. In yumɓun bai bushe ba kaskon ya tsage, in gawayin marar ƙarfi ne ya cinye kafin a je ko'ina. Shi ya sa maƙeranmu suka fi son gawayin ƙirya. Mai aikin ba shi da ma'auni sai launin harshen wuta da ƙarar zugazugai.

Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu

Ɗan Adam ya fi shekara 7,000 yana wannan aiki, kamar yadda aka gano a wani wuri mai suna Belovode a ƙasar Sabiya. A nan Afirka ta Yamma ma an sami shaidar sarrafa jan ƙarfe a yankin Agadas na Nijar da Akjoujt ta Muritaniya tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Amma wurin da ya fi kusa da tarihinmu shi ne Takedda, wadda masu bincike suka danganta da kangon Azelik a arewa maso yammacin Agadas. Nan ne Shehu Maghili ya zauna kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda a shekarar 1353. Ya bayyana cewa ana haƙo dutsen a bayan gari, a kawo shi gida a narkar, a zuba shi sanda-sanda mai tsawon taƙi ɗaya da rabi. Masu kauri ana ba da 400 a kan miskalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Waɗannan sanduna su ne kuɗin garin, kuma ana fatauci da su zuwa Gobir da Barno. Ke nan jan ƙarfe ya shigo ƙasar Hausa a kan raƙuma tun kafin Turawa su san hanyar. Har kuɗinmu na yau bai rabu da shi ba, domin kalmar kwabo daga sunan jan ƙarfe da Turanci aka aro ta.

A ƙasar Kano kanta an yi narkar wasu ƙarafan. An tono murhun narkar da tama a Dutsen Dala wanda aka ƙiyasta shekarunsa zuwa ƙarni na 7 na Miladiyya. A Riruwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa ta yanzu, Hausawa sun narkar da kuza suna zuba ta sirara kamar tsinke suna kai wa kasuwanni. Muna da maƙeran baƙi masu garma da fartanya, da maƙeran fari masu munduwa da zobe da kayan doki. Amma da Turawa suka mamaye filayen kuza a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje da ragowar ƙarafan jirgi da na mota suka wadata, sai narkar gida ta mutu. Ƙira ta rayu har yau, amma maƙerin yanzu da ƙarfen da wani ya narkar a wata ƙasa yake aiki. A shekarun 1960 wata mai bincike Bafaranshiya, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin maƙeran Hausawa a ƙasar Adar suna narkar da tama. Ba don irin wannan ba, da sai dai labari.

Hujjar masu suka

Masu cewa wannan aiki shirme ne suna da hujjoji masu ƙarfi, kuma adalci ne a kawo su yadda suke. Ta farko ita ce lissafi. Kuɗin buhun gawayi da na dutse da yinin mutum sun ninka darajar ɗan ƙarfen da za a samu sau da yawa. Wanda ke son jan ƙarfe ya je wurin 'yan jari-bola ya sayi tsohuwar waya, a kilo ake aunawa. Duniya na haƙo sama da tan miliyan 20 a shekara daga ƙasashe irin su Chile da Kwango da Zambiya. Me goron ɗalibinmu zai ƙara?

Ta biyu ita ce hali. A garin da wani ke neman kuɗin taki, wani na neman na magani, ƙona gawayi don nishaɗi na iya zama almubazzaranci. Ta uku kuwa, sun ce ilmin yana cikin littafi, kowane ɗan aji biyar na sakandare ya karanta yadda ake fitar da ƙarfe daga dutse, to mene ne amfanin sake gano abin da aka riga aka sani?

Hujja ta biyu gaskiya ce a kan magidancin da bai sauke nauyin gidansa ba. Wanda babu cefane a gidansa ba shi da hurumin sayen koren dutse. Amma wannan hukunci bai keɓanta da narkar ƙarfe ba, ya hau kan mai kiwon tattabaru, da mai doki, da mai zuwa gidan kallon ƙwallo, da mai ƙona kuɗinsa a sayen data. Ba mu cika tambayar waɗannan abin da suka samu ba, saboda mun saba da su. Wanda ya zo da abin da ba a saba gani ba shi ake yi wa dariya. Ashe ke nan sau da yawa rashin sabo ne ke damunmu, muke fakewa da lissafi.

Abin da ake samu

Sauran hujjojin biyu amsarsu ɗaya ce. Ai ba ƙarfen ake nema ba, sanin ake nema, kuma sani iri biyu ne. Akwai na kunne da takarda, akwai na hannu. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin ratar da ke tsakaninsu. Yaro zai rubuta maka sunayen sinadarai daidai a jarrabawar WAEC ko NECO, amma ka ajiye masa dutsen a gabansa ba zai gane shi ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji, ni kuwa sai in ce yi ya kori gani.

Ibn Khaldun ya yi bayani a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, cewa sana'a ɗabi'a ce da ke zama a jikin mutum ta hanyar kallo da maimaitawa, kuma takan gushe daga gari in buƙatarta ta gushe. Abin da ya sami Riruwai da Dala ke nan. Ba a ƙona littafin kowa ba, ba a kashe kowa ba, kasuwa ce ta daina tambaya, sai tsofaffi suka tafi da abin da ke hannunsu. To in kasuwa ta saki wani ilmi, wa ya rage ya riƙe shi? Sai wanda ba ya jiran kasuwa ta biya shi, wato mai sha'awa. Irin mutumin da ake ce wa ba shi da aikin yi, shi ne kan zama ma'ajiyar abin da al'umma za ta waiwaya nema bayan shekara hamsin. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Akwai kuma wata riba ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko, ita ce sanin darajar abu. A manyan ma'adinan duniya na yau, sau da yawa jan ƙarfen da ke cikin dutse bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Ma'ana, sai an fasa tan guda na dutse kafin a sami abin da bai cika kilo 10 ba. Wayar lantarkin da ke bangon masallaci, da wadda ke cikin injin ban ruwa, da fankar aji, duk ta wannan hanya suka zo. Yaron da ya yini yana zuga ya sami ƙwayar gyaɗa, in ya kalli taransifoma zai ga gumin mutane a ciki. Muna kukan yadda ake sace wayoyin lantarki a ƙauyuka da birane, a ƙone robar a sayar da ƙarfen a kan kuɗi ƙalilan, unguwa guda ta kwana a duhu wata da watanni. Ban ce narkar ƙarfe za ta hana sata ba, yunwa da son banza suna da nasu hannu. Amma al'ummar da ba ta ƙera komai ba takan ɗauka kaya daga sama suke faɗowa, abin da aka ɗauka daga sama ya faɗo kuwa ba a jin zafin lalata shi.

Wa ke biya?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ibn Battuta bai tsaya a kan farashi ba, ya faɗi waɗanda ke narkar da ƙarfen a Takedda: bayi ne, maza da mata. Ya kuma ce da siraran sanduna ake sayen nama da itace, masu kaurin kuwa da su ake sayen hatsi da man shanu da alkama da bayi. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Bawa ne ke zaune a gaban wuta yana shaƙar hayaƙi, yana zuba sandar da za a sayo wani bawan da ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tarihin ƙarfe a ko'ina cike yake da wannan, mai riba daban, mai ƙuna daban. Duk wanda zai yi alfahari da Takedda ya haɗa da wannan a cikin alfaharinsa.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Dalili kuwa, ana kawo dutsen zinariya cikin gida ana daka shi ana niƙawa, alhali yana ɗauke da gubar dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu dubbai suka kamu, dalma kuwa takan taɓa ƙwaƙwalwar yaro taɓawar da ba ta gyaruwa. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema, kuma ba su san abin da ke cikin dutsen ba. In har mai neman abinci ya jawo wannan bisa rashin sani, ina uzurin mai nishaɗi wanda ya yi karatu?

Dutsen jan ƙarfe ma yana da nasa haɗari. Wani yakan zo da dalma, wani da gubar asinik, kuma ido ba ya rarrabewa. Nau'in da ke haɗe da farar wuta in aka gasa shi yakan fitar da hayaƙi mai shaƙe ƙirji, masu asma da jarirai su ne farkon shan wahala. Iskar kabon monoksaid da ke yin aikin ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe mutane in an kwana da janareta a cikin ɗaki. Narkakken ƙarfe in ya haɗu da ɗigon ruwa yakan yi tsalle ya fantsama. Sannan ga gawayi, wanda a yadda ake ƙona shi a gargajiyance sai an ci kilo 5 na itace ko fiye kafin a sami kilo guda. Ƙiryar da za a sare ta fi mai saran shekaru, kuma inuwarta ba tasa ba ce shi kaɗai.

Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace a auna kowace irin sha'awa da shi ba riba ba ce. Tambayar ita ce, wa ke biya, kuma ya yarda? In mutum baligi ya zaɓi ya ƙona yininsa da kuɗin aljihunsa, har ma ya ƙona yatsansa, wannan tsakaninsa da kansa ne, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Amma jaririn da ke goye, da maƙwabcin da iska ke kai wa hayaƙi, da matar da za ta daka dawa a turmin da aka daka dutse, ba wanda ya shawarce su. Daga inda sha'awar mutum ta shiga huhun wanda bai ce ya yarda ba, ta tashi daga neman sani ta koma zalunci, komai kyawun niyya.

Sharuɗɗan da suka biyo baya

Daga wannan ma'auni sharuɗɗan suke fitowa da kansu. A yi aikin a fili, nesa da gidaje da rijiya, a tsaya ta inda iska ke tahowa. Kada a shigar da dutse cikin gida, kada a taɓa turmi ko injin niƙa ko tukunyar abinci da shi, a jiƙa shi kafin a farfasa don kada ƙura ta tashi, sannan a bar shi ya bushe sarai kafin ya shiga wuta. Dutsen da ba a san asalinsa ba a bar shi. A sayi kaɗan daga hannun wanda ya san abin da yake sayarwa, kada a je tonon ramuka, domin tsarin mulkin Nijeriya da dokar ma'adinai ta 2007 sun sa ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya. A sa takalmi rufaffe da abin kare ido, a wanke hannu, a canza tufafi kafin a ɗauki yaro. Kashin maƙera da toka a binne su inda ba a noma. Ƙananan yara su tsaya nesa, ɗalibai kuwa sai da malami da iznin iyaye. Wanda ya ƙona buhun gawayi ya dasa itace ya kuma raine shi, kada ya tsaya a alkawari.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne a nemi maƙeran gari. Wanda ya gāji uwar maƙera da awartaki ya san wuta fiye da kowane hoton bidiyo, kuma wataƙila kakansa ya ba shi labarin yadda ake narkar da tama. A je masa da ladabi, a biya shi ladan lokacinsa, a rubuta abin da ya faɗa da sunansa a kai. Ɗaukar ilmin tsoho a kai makaranta ba tare da an ambace shi ba, shi ma wani nau'i ne na barin wani ya biya.

Kammalawa

Idan ɗalibin nan namu ya cika waɗannan sharuɗɗa, wani dattijo ya tsaya a kansa ya ce, "Yaro, me za ka samu?", yana iya amsawa cikin ladabi ya ce, "Baba, ƙarfen ba zai sayi ko goro ba. Amma zan san abin da kakanninmu suka sani, zan san wahalar da ke cikin wayar da ke kawo mana wuta, kuma ba wanda zai yi tari saboda ni." A ganina dattijon kirki zai karɓi wannan amsa, wataƙila ma ya gyara masa riƙon zugazugai. In kuwa ya kasa faɗin jimlar ƙarshe da gaskiya, to ya kashe wutar ya koma ga littafinsa, babu abin kunya a ciki. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya kare mu daga cutar da bayinSa.